Mai Farar Hula a Bakin Rafi

Yana tsaye a bakin rafi da farar hular kwano wadda ko tsinke bai taɓa faɗo mata ba. Takalmansa sai sheƙi suke, yana ɗaga ƙafa kamar laka za ta cije shi. Ina jin duk ruwan da ya sani bai wuce na famfon gidansa ba. Shi ne injiniyan da aka turo ya cire tsohuwar gadar katako, ya binne bututun ƙarfe a madadinta. Ga bututun nan kwance, bakinsa ko ƙugun mutumin bai kai ba.

Wata tsohuwa ɗauke da itace ta tsaya.

"Ɗan nan, ta cikin wannan ruwan zai bi?"

"E, Iya. Mun yi lissafi."

Ta nuna masa bishiya, inda ciyawar ambaliyar bara ke maƙale a reshe, can sama da hularsa. Ya kalla, ya buɗe takarda.

"Ai takarda ta ce ya isa."

"To madalla," in ji ta, tana hawa gadar da ke kai ta kasuwa da asibiti. "In ruwan ya zo, sai ka karanta masa."