Ƙullin Kabar Ya Gana

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, har fuskar maigidana ta fara ɓace mini, amma ranar da aka sallami Ya Gana daga aiki saboda laifina ba ta fita ba. Ban iya rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan, domin ku matan da ke saƙa yanzu ku ji.

Shekara biyu ke nan bayan fara ta cinye gonaki, zamanin Faransa. Masu boko sun ce cikin shekarun 1930 ne. Mazan garinmu Gure wasu sun mutu, wasu an kwashe su aikin dole, nawa yana cikin waɗanda suka mutu. Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya mai saƙar tabarma, ta gaji da ganin mata suna roƙo a bakin kasuwa. Ta tara mu a gidanta ta ce, "Goriba ba ta ƙare a kwari ba. Duk mai hannu ta zo."

Ga yadda aikin yake. Masu ƙarfi su yanko kaba, a tsaga, a shanya. Sai mai rini, ni ke nan. Ja da karan dafi da kanwa nake dafa shi, baƙi kuwa da bagaruwa da laka. Daga nan masu saƙa su ɗauki dami su tafi gida, bayan mako su kawo abin da suka saƙa, mai ɗinki ta haɗa. Ya Falmata ce uwar aiki, ita ke dubawa, ita ke magana da masu saye.

Ya Gana makauniya ce, shekara ashirin tana bara kafin a kawo ta cikinmu. Wasu sun yi gunaguni, Ya Falmata ta ce saƙa a yatsa take. Sai muka yi mata dabara: damin farar kaba ba ƙulli a igiyarsa, ja ƙulli ɗaya, baƙi ƙulli biyu. Ni ke ɗaurewa. Da haka take fitar da zane wanda masu ido ba su kai shi ba. Takan ce mini, "Hadiza, ke ce idona, kada ki yi gyangyaɗi." Ni kuma in ce, "Ido dai ya tsufa, Ya Gana, sai haƙuri." Mu yi dariya.

Wani mutumin garin Kelle ya sa a yi masa tabarmi na aure, ja da baƙin gefe, aka ba Ya Gana. A makon nan ɗana yana kwance da zazzaɓi, ga masu yanka sun rage, har ni na shiga kwari. Na dawo da ƙafa a kumbure na tsaya bakin tukunya. Da na zo ɗaure damin, rabi na ɗaure daidai, rabi na juya ƙullin. Ban sani ba.

Ranar Laraba Ya Gana ta shigo da saƙarta a ka, tana murmushi. Aka warware a tsakar gida. Baƙi ya shiga inda ja zai zauna, zanen ya watse kamar sawun kaji. Kowa ta yi shiru. Ni ina gani na gane.

Ya Gana ta ce, "Yaya na ji ku shiru? Kyau ne ya hana ku magana?"

Ya Falmata ta kama yatsunta tana murzawa. "Gana, yatsun nan sun daina jin ƙulli. Mutumin Kelle gobe zai zo, me zan nuna masa? Ki huta haka nan."

Ya Gana ta juyo da fuskarta wajen da nake. Ta daɗe haka. Ban ce komai ba. Ina da 'ya'ya biyu, tsoro nake a ce ni in huta. Ta laluba sandarta ta fita.

Kwana huɗu na yi da abin a ciki. Ranar kasuwa na je sayen kanwa, na sami Ya Gana zaune a inda take bara a da, hannu a miƙe. Yatsun nan da suka saba da kaba. Na wuce ban gaishe ta ba, na kai ƙofar Ya Falmata, na durƙusa na faɗi komai.

Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Tashi. Da ƙafarki za ki je, ni ma da tawa, don ni ma ban tambaya ba."

Muka same ta. Na ce, "Ya Gana, ni ce na juya ƙullin."

Ta ce, "Na sani, Hadiza. Ai ina jiƙa kaba da baki. Na ji baurin bagaruwa a damin da ya kamata in ji kanwa. Sai na ce harshena ne ya lalace, Hadiza ba ta kuskure."

Na ce, "Don me ba ki faɗa ba ranar nan?"

"Jira nake ki faɗa."

Ta dawo aiki, ta yi shekara shida tare da mu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, wasanmu ma ya dawo. Amma daga ranar, duk damin da na miƙa mata, sai ta shafa ƙullin, sannan ta zaro kaba ɗaya ta sa a harshe. A gabana take yi, ba don ta ɓata mini rai ba. Har ta rasu leɓenta baƙi ne. Ni na yi mata wanka, na goge, bai fita ba.

Ina kuka yanzu, yarinyar nan ta ajiye alƙalami, na ce ta ɗauka. Abin da aikin ya koya mini kaɗan ne. Ba wuya a ɗauko mutum daga bakin kasuwa a ba shi sana'a. Wuyar ita ce, idan abu ya ɓaci, shi ake fara zargi, shi ma kansa yake fara zargi. Ku masu rini, in kun gaji ku ajiye igiyar. In kuma kun juya ƙulli, ku faɗa tun tana tsaye a tsakar gida.