Mutumin da Aka Sauke Bayan Fawu

Shekarar da na kai Inna Umra, damina ta yi ƙarfi har hanyar garinmu Doka ta zama abin tsoro. Ƙasarmu baƙa ce, idan ta sha ruwa takan riƙe tayar mota kamar danƙo, don haka ban jira ranar tafiya ba. Na rufe shagon ɗinkina, muka hau lori da wuri, muka sauka Gadarif a wata lokanda, wato masaukin baƙi, da ke bayan kasuwar hatsi. A nan wakilin da ya yi mana takardun tafiya yake tara mutanensa, ya zuba su a hafila ɗaya, wato bas, ta kai su filin jirgin sama na Khartum.

Lokandar tsakar gida ce mai faɗi, an jera gadajen igiya a ƙarƙashin rumfar kwano, mata kuma suna can ciki. Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa kawai yake gani. Amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, "kai wannan" take ce mini har ta bar duniya.

A wancan lokacin ana yaƙi a Kudu, ana tare motoci ana kwashe samari. Mutum yakan fita sayen burodi a nemi labarinsa a rasa. Kowa ya koyi duba bayansa kafin ya buɗe baki. Mu kuma muna da namu ƙarin: kakana ne ya zo ta hanyar Hajji ya zauna, an haifi babana a nan, an haife ni a nan, amma duk shingen da na tsaya sai wani ya juya takardata ya tambaye ni daga ina ainihi. Da wannan fargabar na kwana.

Da gari ya waye hafilar ta tsaya a ƙofa, direba ya hau samanta yana ɗaure jakunkuna. A ɗaya gefen titi, gaban mai shayi, akwai wata farar boksi, irin a-kori-kurar nan, ba ta da lamba. Mutum biyu suna zaune a cikinta, ba su sha shayi ba, ba su kashe injin ba. Na ga direbanmu ya kalle ta sau ɗaya daga sama, bai ƙara ba.

Na zaunar da Inna a layi na biyu, na zauna kusa da ita ta wajen ƙofa. Bayanmu akwai wani direban tarakta daga Gadambaliya, namu ne mai jin Hausa, za shi neman aiki a Saudiyya, tun a lokanda yake ba kowa labarin tsadar gas da rowar masu manyan gonaki. Akwai 'yan kasuwa Larabawa, akwai wani dattijo da matarsa. Mun cika, saura kujerar taga kusa da Inna, sai ga mutum na ƙarshe ya fito daga lokandar.

Dogo ne siriri, sanye da rigar safari mai ruwan toka, ga ɗan gajeren gemu an gyara shi tsaf, ga tabarau. A wancan zamani wannan shiga ita ce ta mutanen gwamnati. Ya miƙa wa direba jakarsa, ya yi sallama a hankali, ya ratsa ta gabanmu ya zauna, ya ɗora wata leda a cinyarsa. Mai taraktan, da yake tsakiyar magana, ya haɗiye sauranta. Muka tashi. Da muka kai kwanar tasha na waiwaya, na ga boksin ta taso.

Ni dai na gama lissafi a raina: mai safarin nan na masu boksin ne, sun saka shi cikinmu ya ji abin da muke faɗa. Na san kowa a motar haka ya ɗauka, domin shiru ya yi yawa har ana jin igiyar kaya tana kaɗa rufin. Direba ya cire kaset ɗin waƙa da ya saka, ya murɗo rediyo, aka ci gaba da karanto mana labarin shahidai da nasarori.

A shingen fita gari soja ya leƙo, ya karɓi takardunmu. Ya riƙe tawa ya daɗe, ya tambaye ni takardar hidimar ƙasa, wato aikin soja, na nuna masa shaidar cewa ni kaɗai ke riƙe da uwa. Ya miƙo mini kamar yana ba ni sadaka. Ta mai safarin kuwa ko buɗewa bai yi ba, ya dubi fuskarsa, ya dubi bayan motar, ya mayar masa. Na ce a zuciyata, to, ga shi nan.

Muka miƙi kwalta. Dama da hagu dawa ce kore shar har inda ido ya tsaya, ba bishiya, ba gida, sai hadari da ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas yana biyo mu a hankali. Duk sanda na dubi madubin direba sai in ga idanunsa a ciki, ba hanya yake kallo ba.

Inna ba ta ga safari ba, ba ta ga boksi ba. Shirun ne ya dame ta. Ta kwance ƙullin dabinonta, ta lalubo hannun mutumin, ta ce da Larabcinta na kasuwa ya ɗiba. Na taɓa ƙafarta da tawa.

Ta ce da Hausa, da ƙarfi, "Kai wannan, me kake taka ni? Mutum yana kusa da ni in ci in hana shi?"

Sai mutumin ya ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri."

Da Hausa ya faɗa, irin tamu ta nan. Ke nan duk abin da mai tarakta ya faɗa a lokanda, yana zaton harshenmu ya rufa masa asiri, ya shiga kunnen wannan.

Inna kuwa murna ta yi. "Af, ashe namu ne! Ɗan wane gari?"

"Nan Gadarif, Inna."

"Ɗan gari kuma kake kwana a lokanda? Ba ka da gida?"

Ya ce, "Akwai. Baƙi ne suka yi mini yawa."

"Baƙo ai rahama ne."

"Haka ne, Inna."

Ta ci gaba da tambaya, yadda tsofaffi suke yi. Ya ce shi malamin makaranta ne, yana koyar da labarin ƙasa, amma an sallame shi. Ta ce laifin me? Ya ce sun ce don maslahar jama'a. Ta ce wace irin maslaha ce a raba mutum da abincinsa? Ya ce yana da mata da 'ya'ya mata, ya kai su wurin surukansa. Umra za shi, in Allah ya sa ya samu abin yi a can, sai ya zauna. Ina jin duk wannan ina cewa a raina ƙarya ce, an koya musu. Amma na lura da hannunsa: dabinon yana nan bai ci ba, yana ta juya shi.

A Fawu muka tsaya karin kumallo a rumfunan bakin hanya, ƙarƙashin duwatsun nan. Kowa ya sauka da sauri kamar an buɗe keji. Boksin ta wuce mu kaɗan ta tsaya. Mai taraktan ya ja ni bayan rumfa, fuskarsa duk gumi.

"Ya zol, bawan Allah, me na faɗa jiya? Na ambaci gwamnati?"

Na ce, "Gas kawai ka ambata."

"Gas ɗin ai nasu ne!"

Na sayo wa Inna wake da burodi na kawo mata mota, domin hawa da sauka yana ba ta wuya. Na tarar malamin bai sauka ba. Ya sunkuya kusa da kunnenta yana magana, ita kuma tana gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali. Da ya gan ni ya gyara zama.

Ya ce mini, "Ɗan'uwa, idan an tsayar da mu, kada ka ce ka san ina jin Hausa. Ba ka san ni ba, ba mu yi magana ba."

Na ce, "To ai ban san ka ba, Malam."

Ya ce, "Madalla."

A nan ne na fara gane cewa na karanta abin a juye: ba nasu ba ne, shi suke bi. Na dubi boksin, na dube shi. Na so in ce ya fita ta bayan rumfuna ya shige dawa, amma ina zai je? Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, laka kuma har gwiwa. Shi ma na ga ya dubi wajen, ya kau da kai.

Ba su tare mu a Fawu ba, inda akwai jama'a. Sai da muka yi nisa, inda babu ko rumfar makiyayi, iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa, sannan boksin ta taso ta gefenmu, ta sha gabanmu, ta rage gudu. Ba su ɗaga hannu ba, ba su yi oda ba. Direbanmu ya gangara gefe da kansa ya kashe mota.

Ɗaya ne ya zo, matashi mai fara'a, riga a soke cikin wando. Ya buɗe ƙofa ya yi mana cikakkiyar sallama, ya ce Allah ya karɓi ibada. Idonsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina, sannan ya wuce.

Ya ce da Larabci, "Ustaz, bismilla. 'Yar magana ce, yanzu za ka dawo."

Malamin ya miƙe. Sai da ni da Inna muka karkata ya samu hanya. Inna ta kamo gefen rigarsa.

"Ina za ka, ɗana? Ba mu iso ba, ko?"

Bai amsa mata da Hausa ba. Da Larabci ya ce, "Sakar mini, ya hajja." Ya zare rigarsa a hankali.

Matashin ya dube ni. "Kun san shi?"

Na ce, "A mota muka gan shi."

Inna ta buɗe baki, na riƙe hannunta gam. Wannan karon ta gane.

Suka sa shi a tsakiyarsu. Matashin ya daki jikin hafilarmu da tafin hannu, alamar mu tafi. Boksin ta juya, amma ba Gadarif ta nufa ba, wata hanyar tarakta ta bi cikin dawa, tana watsa laka, har kore ya rufe ta. Kafin direba ya tayar da mota ruwan ya sauko.

Ledarsa tana nan a kujera. Da motar ta girgiza bakinta ya buɗe, na ga harami ne sabo, ko ninkin kanti bai warware ba, da silifa. Mun matsu ƙwarai a motar nan, gwiwa na gugar gwiwa, amma har muka tsallake gadar Madani, har muka shiga Khartum, babu wanda ya matsa cikin kujerar. Mai taraktan ya jingina goshinsa da bayan kujerata, ina jin numfashinsa. Inna tana jan carbi, leɓunanta suna maimaita abu ɗaya.

A filin jirgi wakilin yana jiranmu. Ya ƙirga mu, ya dubi direba, direba ya ɗaga gira. Wakilin bai tambayi komai ba, ya ce mu yi sauri. Aka sauke kaya, kowa ya ja nasa, jaka ɗaya ta rage a ƙasa cikin ruwa. Muka tsaya muna kallonta. Direban ya waiga dama da hagu, ya ɗauke ta ya tura ƙarƙashin kujerar baya. Ledar kuwa Inna ta riga ta cusa ta cikin mayafinta, ban sani ba sai da muka shiga jirgi.

Na ce, "Inna, me za ki yi da wannan? Idan aka tambaya fa?"

Ta ce, "Zane ne fari. Wa zai tambayi zane?"

A Makka ta ba da haramin ga wani baƙon Allah da nasa ya yage. Ta sa na yi ta kai ta ɗawafi, ina riƙe da ita, tana kiran wani suna ƙasa-ƙasa. Ashe abin da ya faɗa mata a Fawu ke nan, sunansa da na mahaifiyarsa, ya roƙe ta ta ambace shi a gaban Ɗakin Allah. Na tambaye ta sunan. Ta ce, "Ya ce kada in gaya maka. Abin da ba ka sani ba, ba a matse shi daga bakinka."

Da muka dawo mun sake kwana a lokandar. Na sami mai ita shi kaɗai yana shan jabana, wato gahawa, na tambaye shi labarin dogon mutumin nan mai tabarau da ya tafi tare da mu. Ya zuba mini kofi, ya tura mini, ya ce bai taɓa saukar da mai irin wannan kama ba, kuma gara in shanye tun da zafi.

An daɗe bayan haka, Inna ma ta rasu, wani mai kawo mini yadi daga Gadarif ya ce akwai wani malamin makaranta da aka sako, yana zama a shagon ƙaninsa a layin maƙera, hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa. Ranar da na shiga gari na bi ta layin. Na same shi zaune a kan benci yana kallon titi, na yi sallama, ya ɗago. Gajere ne, mai faɗin fuska. Ba shi ba ne. Na ce na yi ɓatan kai, ya ce ba komai, mutane da yawa suna zuwa su dube shi su koma.