Harouna da Sharaɗi na Huɗu

Harouna Ilu tela ne mutumin Maraɗi. Ya zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin a 2004 sayen kekunan ɗinki, sai Alhaji Tankari, mai kamfanin aika kaya Kano da Yamai, ya ga yadda yake juya wando yana bin ɗinki da ɗan yatsa, ya riƙe shi. Aikinsa ya zama duba wandunan jins a masana'antun Xintang kafin a ɗaure dila. Mutum ne mai wuyar yarda. Ko shayi aka miƙa masa sai ya leƙa kofin.

Ana saura wata uku a fara gasar Olamfik ta 2008 a ƙasar, Alhaji ya tara ma'aikatansa goma sha ɗaya, ya ce ya buɗe musu asusun magani: mutum ya ware wani abu daga albashinsa, kamfani ya ɗora masa daidai da shi, ranar ciwo a biya asibiti. Kowa ya yi godiya. Harouna kuwa takardar ya nema.

Sharaɗi na huɗu ne ya tsaya masa a rai. Ba mai shiga sai wanda ya yi shekara cur bai bar bakin aiki fiye da kwana ashirin a jere ba. A shekarar kuma an tsananta biza, masu gajeriya sai sun koma gida sun sabunta, tafiyar da ba ta kasa wata guda.

Ya sami Zeinabou, mai riƙe da takardun ofis.

"Yaya Zeinabou, cikinmu su wa suka cika wannan sharaɗi?"

Ta duba ƙofa, ta rage murya. "Alhaji, da ƙanensa, da manaja. Kada ka ce daga bakina ka ji."

Su ukun ne masu takardar zama ta shekara, su ne kuma masu albashin da kuɗin asibiti ba ya girgiza shi.

Ranar Juma'a, da aka fito daga masallacin Huaisheng, Harouna ya jera da maigidansa.

"Ranka ya daɗe, asusun nan na su wa ne?"

"Na kowa mana."

"To a kira mini sunan mai lodi ɗaya da zai amfana."

Suka tsallake titi. Sannan Alhaji ya ce lauya ne ya kwafo sharuɗan daga takardar wani kamfanin Turawa, shi bai ma karanta ba. Harouna ya ƙura masa ido, ya rasa gane kunya ce a fuskar ko haushin an gano shi.

Cikin mako guda aka gyara: tafiyar biza ba ta karya shekarar mutum. Ma'aikata bakwai suka shiga. Harouna ya ƙi, ya ce sai ya gani.

A watan Yuli bizarsa ta ƙare, ya tafi gida. Takardar gayyata daga kamfani ta yi wata huɗu ba ta iso ba. Kullum ya buga waya sai manaja ya ce hukuma ce ta riƙe. Ya riga ya kama shago a kasuwar Maraɗi ranar da takardar ta zo.

Ya dawo ya tarar da aikinsa. Ya tarar kuma an cire wa wani mai lodi haƙori, asusun ya biya. Sai da ya ga rasit da idonsa, ya sa mutumin ya buɗe baki ya ga gurbin, sannan ya sa hannu. Ya ƙara shekara shida a kamfanin, kuma duk takardar da Alhaji ya fitar, Harouna ake fara kai wa.