Tasar Ruwan Baba Sumana

Kai mai karatu, ka gan shi, kada ka ce ba ka gan shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga bak, jirgin fiton nan, ya ƙetare kogin Isa da kaka, ya hango wani tsoho a kan tudun da ke bayan Kirkissoye, ya sunkuyar da kai cikin tasa. Ka hango shi, ka ce a ranka wani boka ne, ka juya ka ci gaba da hirar siyasa. Tun da muka karɓi ƙasarmu muke ta ihun a tashi a yi aiki. Ga mai aiki a gaban idonmu, ko sannu ba mu ce masa ba!

Sunansa Sumana, kuma ba boka ba ne. Tsuntsaye yake ƙirgawa.

Da zarar ruwa ya ɗauke, gero ya fara nuna, Baba Sumana yakan idar da sallar asuba, ya ɗauki tasa da tulun ruwa, ya cika aljihu da tsakuwa, ya hau tudu. Ba ya gaggawa, don ya san baƙinsa ba sa tasowa sai rana ta ɗumama ƙasa. Hantsi na yi sai su ɓullo daga arewa, shirwa da shaho, manya da ƙanana, wasu daga ƙasashen da ko sunansu bai taɓa ji ba. Shi kuwa ba ya ɗaga kai. Sama tana cikin ruwan tasarsa. Duk goma da suka gitta bakin tasar, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a gefe. Da yamma ya tara tsakuwar ranar tsibi guda kusa da tsibin jiya, manoma masu komawa gida su tsaya su gwada wanne ya fi tudu.

Da can planto ne, wato masinja, a sarbis ɗin gwamnati na yaƙi da fara. Wani Bature ya nuna masa aikin, ya ce masa inda waɗannan tsuntsaye suka yi yawa, a nemi fara a kusa, don ita suke bi. Bature ya tattara kayansa ya tafi, har da madubinsa na hangen nesa. Sumana ya ci gaba da ido tsirara, har hasken rana ya fara ƙone masa gani. Sai ya ɗauke tasar wanke-wanken matarsa Hajjo. Har yau in ka tambaye ta, sai ta ce, "Aro ya ce mini. Ina nan ina jira."

Tasar nan ce ta ja masa suna. Wata rana Mariama, mai sayar da fura a bakin bak, ta hau tudu da kaza a hammata, ta durƙusa.

"Fofo, sannu Baba. A taimaka a gano mini, ko maigidana zai dawo daga Kumasi bana?"

"Ɗiyata, matsa gefe. Kanki ya tare mini sama."

Ta matsa, ta ce, "Me ka gani?"

"Shirwa, da yawa."

"Wayyo! Alheri ne ko sharri?"

"Ga mai riƙe da kaza dai sharri ne. Sa ta cikin zane!"

Amma a je a tambayi Yakuba, mai gona a gindin tudun, labarin kakar bara waccan. Ba ya iya ba da shi a zaune. Ya ce yana cikin gona sai ya ji Baba Sumana yana ƙwala kira kamar gobara ta tashi. Ya ruga ya hau. Subhanallahi! Sama ta yi baƙi ƙirin. Shirwa suna juyawa suna hawa iska rukuni bisa rukuni, na ƙasa ka ji kaɗawar fikafikansu, na can ƙololuwa kamar an watsa riɗi. In wani rukuni ya kai ƙarshen hawa sai ya miƙe sambal, wani ya maye gurbinsa. Tsakuwar aljihu ta ƙare, tsohon nan yana dariya yana tsintar ta ƙasa da hannu biyu yana cewa, "Yakuba, kawo duwatsu! Kawo ko na murhu ne!" Can sai ya daina dariya. Ya lura tsuntsayen ba wucewa suke yi ba, sauka suke yi bayan duwatsun yamma. Ya bar tasa a nan, ya bi gona gona yana cewa a yanke gero yau, kada a jira ya ƙarasa bushewa. Waɗanda suka ji maganarsa sun ɗaure damma kafin fara ta iso. Waɗanda suka ce sai bayan Juma'a, kara suka tarar.

Ba kullum yake dacewa ba. Bara ma ya tada mutane, fara ba ta zo ba, aka yi ta zolayarsa a kasuwa ana cewa, "Baba, baƙin naka sun ɓata hanya ne?" Bai ji haushi ba. Washegari ya koma tudu.

Baba Sumana, kai ne ka riƙe aikin da mai shi ya yar. Kai ne mai gadin sama, ba albashi, ba kaki, ba wanda ya aike ka. Yaran da suka sha kunun geron waccan shekarar ba su san sunanka ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Lafiyar kuwa ita ce maganar. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Makon jiya Yakuba ya kai masa ruwan sha, ya tarar shirwa suna wucewa, tasa ta cika da inuwarsu, shi kuwa Baba yana zaune, tsakuwa a hannu, bai jefa ko ɗaya ba. Da ya ji kukan wata a sama sai ya juyo ya ce, "Yakuba, sun fara ne?" Yakuba ya zauna ya ƙirga masa har azahar, amma shi ma girbi na jiransa. Tun ranar ba a ƙara tsibi ko ɗaya a kan tudun ba, gero kuwa yana tsaye a gonaki.

Abin da ke cikin kan tsohon nan yana nan daram. Ya san shirwa da wutsiyarta, ya san shaho da yadda yake yankar iska, ya san mai wucewa da mai shirin sauka. Ido kawai ya rasa, mu kuwa ga mu da idanu garau muna kashe su a kallon masu wucewa a bakin titi.

Saboda haka ba jawabi nake nema ba, ba kuma kwamiti ba. Kai ɗan lakkwal mai karatun boko, ke malamar asibiti, kai tela na unguwar Lazaret, kai mai katako a kasuwar Katako, kowa ya ɗauki yini guda. Ranar Lahadi ka shiga bak na farko, ka hau tudu, ka gaida shi, ka zauna a damansa ka faɗa masa abin da kake gani. Tsuntsayen ba za su jira ka gama shawara ba. Tashi ka kai masa idanunka.