Wutar Kara da Wutar Marke

A shekarun fari, wuta biyu ake hurawa a gidanmu, can wajen Zakirai, idan sanyi ya shigo. A yankinmu kowace bishiya da mai ita, babu dajin da za a shiga a yi itace. Abin da Baba ya sassaro daga marken gonarmu zaure ake kai shi, inda yake dukanci tare da yayana Habu, domin yatsun da sanyi ya ƙage ba sa riƙe basilla. Mu ƙanana da Kaka, karan dawa ne rabonmu.

Kara yana tashi bal-bal, ya mutu nan da nan, don haka tsawon tatsuniya tsawon dami ne. Nakan zauna bayana na ɗaukar sanyi, ina hango jan garwashin zaure, ina jin haushin Habu.

"Maigidana, juyo nan, ko sakina za ka yi saboda garwashi?" in ji Kaka. "To ga ta nan, ku cafe tun karan bai cinye ba."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta bushiya, da kullum take ganin hayaƙi na tashi daga ɗakin kunkuru alhali murhunta a mace yake. Abin ya hana ta sukuni. Rannan ta ɗauki kasko ta tafi ɗiban wuta, ba don wutar ba, sai don ta gano inda yake ɓoye itacensa. Ta yi sallama, ta leƙa. Daidai nan karan yake mutuwa.

"Sauran sai da wuta," Kaka za ta ce. "Ku kwanta."

Ban taɓa jin abin da bushiya ta gani ba. Bayan rasuwar Kaka, mun girma, na faɗa wa Habu haka. Ya kwashe da dariya.

"Au, ba ka sani ba? Ƙyauren ɗakinsa yake ƙonawa, da azarar rufinsa. Ai idan kun yi barci zaure take tahowa jin ɗumi, ta ƙarasa min."

Darasin na gane shi sarai: hayaƙin gidan wani ba ya faɗa maka abin da yake ƙonawa. Na kuma san Baba bai yi son kai ba, takalman da ake ɗinkawa a zauren nan su suka ciyar da mu. Duk na yarda. Amma ni na sha sanyin farkon labarin, Habu kuwa ya ji ƙarshensa daga bakinta, ƙafafunsa a bakin garwashi. Wannan har yau ban huce ba.