Allura da Zaren Baba

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare cikin garin Azare, aji biyar aka ba ni, kuma ina son ajin nan kamar me. Sai dai ba a tabbatar min da shi ba. Hedimasta ya ce zai zauna ya ga darasina ɗaya, in bai gamsu ba a mayar da ni ajin 'yan share fage. Da na duba manhaja, darasin da ya faɗo ranar shi ne zane: yadda ake zana akwati ya fito da gaba da gefe da sama, kamar a ɗauka.

Dariya na yi. Ni da na tashi a gidan zane? Babana mutumin Borno ne da ya zauna Azare tun yana saurayi, sana'arsa zanen hula. Shi ke fitar da zane a kan farin yadi da biro da rula, mata su karɓa su bi da zare. Tun ina ƙarama nake riƙe masa bakin yadi, kuma doka ɗaya ya dasa min: layi biyu in sun tashi tare, tare za su tafi har ƙarshe, tazararsu ba ta raguwa ko da kaurin zare. Hular da layinta ya karkace, sai dai a ba yaro.

To, dokar nan ce ta kayar da ni. Kwana uku ina zana akwati, ina auna kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, abin yana fitowa kamar tabarmar da aka shimfiɗa. Littafin darasin ya ce layukan gefe su nufi ɗigo ɗaya su haɗu, bayan akwati ya fi gabansa ƙanƙanta. Hannuna ya ƙi. Duk na zo karkata layin sai in ji kamar ƙarya zan yi.

Ana gobe darasin, bayan la'asar, na zauna a zaure ina ta goge takarda har ta kusa hujewa. Baba yana gefe da tabarau a kan hanci.

"Ke kuma me takardar nan ta yi miki?"

Na karanta masa abin da littafin ya ce, cikin fushi. Na zaci zai goya min baya. Ya ajiye biro, ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon lungunmu, ya daɗe. Sannan ya kira ni.

"Katangar nan da waccan, a ina suka haɗu?"

"Ba su haɗu ba, Baba."

"Na sani. Ban tambayi ƙafarki ba, idonki na tambaya."

Na duba. Can ƙarshen lungu katangun biyu sun matso juna, har ɗan yatsana ya isa ya rufe tsakaninsu.

"Haka turakun wutar lantarki suke yi min a hanyar Katagum," in ji shi. "Na nesa ba su kai ashana ba. Mai littafin nan bai yi ƙarya ba. Hula a hannu ake kallonta, shi ya sa ake auna ta. Wannan kuwa abin da ido ya gani ake zanawa."

Muka koma ciki. Ya zana murabba'i da rula, tsaf. Ya zaro allura daga jikin hularsa, da zare a hancinta, ya kafa ta a saman takardar ta dama. Ya ja zaren zuwa kusurwa ɗaya, ya bi shi da biro, ya koma ta biyu, ya koma ta uku. Sai ya yanke layukan da gajerun layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Akwati ya tashi zaune a kan takarda.

Mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba, wanda ya yi rayuwarsa yana hana layuka haɗuwa, ya leƙa lungu sau ɗaya ya karɓi gaskiyar da ta saɓa wa sana'arsa. Ni mai takardar shaida na kwana uku ina gardama da ita.

Washegari na tafi da ƙusa da zaren Baba. Na kafa ƙusar a katakon saman allo, na sa yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna jan zaren, ina bi da alli. Da akwatin ya fito, wata yarinya daga baya ta ce, "Malama, buɗe shi mu gani!" Aji ya kwashe da dariya, har da hedimasta. Da aka tashi ya ce in ci gaba da ajina, ya kuma tambaye ni a wace kwaleji aka koya mana dabarar zaren. Na ce a zauren gidanmu.

Na dawo da gudu na ba Baba labari. Ya ce madalla, ya miƙo hannu ya karɓi zarensa. Sai ya nuna takardar jiya, ya rage murya.

"Wannan ki ɓoye ta. Kada masu ɗinki su gani su ce hannuna ya fara karkacewa."

Na ɓoye ta. Yanzu shekararsa shida da rasuwa, kuma duk shekara sai na fito da ita na nuna wa 'yan aji biyar, da hujin allurar da komai.