Rantsuwar Kawu Labbo a Kan Giwan Ruwa

Duk wanda Kawu Labbo ya taɓa shiga gidansa a Gummi ya san ba mai gida yake fara dubawa ba. Zai yi sallama, ya miƙa maka hannu, amma idonsa yana kan wuyan zakaranka. Idan zakaran ja ne mai sheƙi, gaisuwar takan yi tsawo, yana tambayar lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya yana matsawa a hankali. Kafin a kawo masa ruwa za ka ji kaji sun watse da kuka, shi kuma yana cusa wani abu cikin hularsa. Ba na so in kira abin sata, domin a gaban idonka yake yi, kuma yakan yi godiya.

Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Noman shinkafa yake yi a fadama kamar kowa, sai dai zuciyarsa tana gulbi. Kuma ba ya kamun kifi irin na mutane. Ba taru, ba homa, ba tana a bakin ƙugiya. Gashin kaza ko na zabo yake ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare, har ya yi kama da fara ko ɗan ƙaramin kifi. Sai ya shiga ruwa zuwa gwiwa da doguwar sandar gwangwala, yana kaɗa igiya a sama gaba da baya kamar mai korar tsuntsaye a gona, sannan ya sauke gashin a kan ruwa. Shi ya ce a wurin wani Bature mai aikin madatsar ruwa ya gani yana saurayi. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin labarin Baturen ba sai da Kawu ya yi furfura. Ban san wanda zan gaskata ba, saboda haka na kawo duka biyun.

A yi masa adalci, yana kama kifi. Kawara da ƙananan karfasa suna faɗa wa gashin nan. Amma abokinsa na ƙuruciya, Bawa Mai Taru, bai taɓa barinsa ya sha iska ba. Wata rana da yamma, a shekarar da na shiga jami'a, masunta suna zaune a bakin gulbi ana rabon kamu, Bawa ya ɗaga wata kawarar Kawu da yatsa biyu ya tambayi jama'a ko wannan ta miya ce ko ta sakace. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa giwan ruwa dattijo ne, ba ya cin gashin kaza.

Waɗanda suke wurin sun ce Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dai miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Bawa, ka shaida. Wallahi kihi ba shi sake shiga bakina sai nic ci giwan ruwan da gashin ga yak kamo."

Kowa ya ɗauka abin na kwana biyu ne, domin a danginmu babu mai son kifi kamarsa. Mutum ne da kan tsotse kan tarwaɗa har a kwashe kwanuka yana nan zaune. Sai ga shi an shiga wata, an shiga shekara. A garin da yaro ke wucewa da tiren soyayyen kifi kowane lungu, Kawu yana cin tuwo da miyar kuka tsura. Kawarar da yake kamawa ma sai ya raba wa maƙwabta, galibi waɗanda ya fige wa zakara.

Inna ta damu ƙwarai, don ya fara ramewa, nama kuma ba kullum ake samu ba. Ta taɓa daka busasshen kifi ya yi laushi kamar yaji ta zuba masa a miya. Ya ɗaga murfin kwano, ya sunkuya, ya daɗe yana shaƙar tururin ido a rufe. Sannan ya mayar da murfin ya ce mata ya gode, hanci bai yi rantsuwa ba, amma a ba yara. Daga nan ta kai ƙara wurin liman. Liman ya kira shi ya yi masa bayani a natse cewa addini ya yi sauƙi, ya ciyar da miskinai goma ya huta. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gamsu da karatun. Washegari ya sa aka dafa shinkafa ya ciyar da mutum goman, ya kuma ci gaba da ƙin cin kifi. Da liman ya tambaye shi dalili, sai ya ce ta wajen Allah ya gama, saura ta wajen Bawa.

Ni ma na gwada nawa, ko da yake ban tabbata na taimaka ba. Da na zo hutu daga Sakkwato na nuna masa wani bidiyo a waya, na Turawan wata ƙasa mai nisa suna kama kifin da suke kira baramundi da irin dabararsa. Na yi masa bayani, iya abin da na karanta, cewa ɗan'uwan giwan ruwa ne, wataƙila ma na kusa. Nufina ya ga cewa su da sanduna masu tsada da jirgi mai inji suke yi, ya haƙura. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da hancinsa. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce kifin dai giwan ruwa ne, sai dai bai ƙoshi ba. Baturen kuma hannunsa yana da gaggawa, amma idan ya dage zai iya. Da aka zo inda mutumin ya cire ƙugiya ya mayar da kifin cikin ruwa, Kawu ya ajiye wayar a kan tabarma ya dube ni.

"Ɗan Inna, wanga ba shi da iyali?"

Abin da ya ɗauka daga bidiyon ɗaya ne: gashinsu ya fi nasa tsawo, kuma da ƙyalli a ciki. A makon nan zabin unguwarmu suka shiga uku. A wurin wani ɗaurin aure kuma, an ce, ya zauna bayan wani ɗan kasuwa mai babbar riga, ana addu'a yana zare zaren azurfa daga bakin aikin. Ban gani da idona ba. Na dai ga ƙugiyar daga baya, kuma tana ƙyalli.

Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina jiran aiki, rantsuwa tana nan. Lokacin abubuwa sun sauya. Samari da yawa sun bar taru sun tafi haƙar zinariya wajen Anka da Bukkuyum. Gurabe masu zurfi na cikin daji, inda manyan kifaye suke, mutane sun daina zuwa saboda tsaron hanya. Ƙafafun Kawu sun fara kumbura, tsayuwa cikin ruwa tana ba shi wuya. Bawa kansa ya daina tsokana. Na ji ya sami Kawu a asirce ya ce shi ya janye maganar da ya yi, don Allah ya ci kifi. Kawu ya ce a gaban mutane aka faɗa, kuma bai ga abin janyewa ba tunda har yanzu giwan bai ƙaryata Bawa ba. A gaskiya na fara tsoron zai rasu da yunwar abin da ke iyo a bayan gidansa.

Bayan ruwa ya janye a wata kaka, da hantsi, ina taya Inna auna shinkafa, sai muka ji hayaniya daga hanyar gulbi. Ga Kawu tafe, wando jiƙe har ƙugu, babu hula, yana riƙe da sanda a hannu ɗaya, kifi a ɗaya. Giwan ruwa ne, babu shakka, da jan gashin zakara a gefen bakinsa. Tsawonsa, idan ban rage masa ba, bai wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba. Masu taru sukan kama wanda ya ninka shi sau da yawa ba su ko ba da labari.

Bai tsaya gida ba, ya zarce rumfar masunta, mu kuma muna biye. Ya ajiye kifin a gaban Bawa, bai cire ƙugiyar ba.

"Wanga mi na?"

Bawa ya juya kifin, ya buɗa bakinsa, ya ce a hankali, "Giwan ruwa na."

"Mi yac ci?"

"Gashin kaza."

Kawu ya kai hannu bayan kunne. "Tsuhwa ta taɓa min ji, Bawa. Ɗaga murya, na baya ma su samu."

Bawa ya faɗa da ƙarfi, aka fashe da dariya, shi ma yana yi yana share ido da gefen rawani.

Inna ce ta dafa, da gishiri da ɗan yaji da albasa kawai, yadda Kawu yake so a da. Muka zauna nesa kaɗan kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, sai ya tsaya ya ce a kira Bawa. Da ya zo, Kawu ya raba ɗan kifin nan biyu, ya tura masa wajen jela, ya riƙe kai. Suka ci. Kawu ya tsotse ƙashin tas, ya jingina da bango, ya ce wa Inna gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ce shekara da shekaru tana jiran wannan rana, abin da zai ce ke nan? Ya ce to gobe ta gyara, a sayo tarwaɗa.

Ya ci kifi kullum a watannin da suka rage masa. Kafin shinkafar bana ta nuna ya kwanta, bai tashi ba. Bawa ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa maƙwabta sun yafe masa na kajinsu. Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna, Ya ciyar da shi abin da ransa yake so ba tare da jira ba. Amin.